Keken Inna Ba Na Sikeli Ba Ne

Yau shekara tara da rasuwar mahaifiyarmu, Inna, wadda matan Boɗinga da Sifawa suka sani da ɗinki. Allah ya jiƙanta. Ba ta bar gona ko shanu ba. Abin da ta bari shi ne baƙin keken ɗinki na takawa, da doka ɗaya: ba a ba shi komai sai farin man keke, tsinkakke kamar ruwa, marar wari, ɗigo ɗaya a kowace kafa. Kowace Juma'a da hantsi take ɗiga masa, sannan ta ɗinka tsumma tukuna, kada mai ya ɓata atamfar mutane. Wata maƙwabciya ta taɓa miƙo mata man gyaɗa. Inna ta ce, "Ke, wanga keke ba ƙosai na ba."

A rabon gado keken ya faɗa hannun yayana Bello, manomin albasa a Shagari. Da ya ji yana ƙara, sai ya ɗura masa man gyaɗa, ya bi da baƙin man injin ban-ruwa. Na gyaɗa ya daskare ya zama danƙo, baƙin ya kwashi ƙura da burbushin zare, keke ya tsaya cik. A watan jiya na iske mai sayen tsohon ƙarfe a zauren Yaya, ya rataye sikeli.

"Hadiza, ya mutu," in ji Yaya. "Mi za a yi da gawa?"

Na ce, "Yaya, da ransa. Shaƙe shi aka yi."

Nakan tambayi kaina abin da Inna za ta ce da zamanin da ake yi wa abu ɓarna, sannan a ɗora wa tsufansa laifi. Ina jin cewa za ta yi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na ɗauko keken zuwa Boɗinga. Kwana uku ina wanke cikinsa da kananzir da gashin kaza, har danƙon ya saki. Na goge, na ɗiga farin mai yadda na ga tana yi. Na taka. Allura ta sauka, ta hau, ɗinki ya miƙe sambal.

Da tsohuwar zuma ake magani. Sikelin mutumin nan ƙarfe kawai zai auna, ba zai auna haƙurin da Inna ta ciyar da mu da shi a kan wannan keke ba. Yaya ya aiko a mayar masa da gadonsa, kuma haƙƙinsa ne. Na aika masa da wata rigarsa da na ɗinke a kan keken, da kwalbar farin mai. Keken zai biyo baya ranar da ya zo da ƙafarsa ya koyi ɗigo ɗaya.