Gwangwanin da ke Shingen Oom Gawie

Oom Gawie Steenkamp, wato Kawu Gawie, makiyayin tumaki ne a busasshen yankin Karoo, maƙwabcina, in dai tafiyar rabin awa a mota maƙwabtaka ce. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka tattara suka koma Ostireliya, daga shi sai tumaki da rediyo. Faɗa gare shi kamar me, amma ba ya wasa da bindiga.

Bara aka kawo masa jikarsa Marelize hutu, 'yar shekara bakwai. Ta nace sai ta koyi harbi. Ya miƙa mata sandar tsintsiya, ya ce ta yi kwana uku tana riƙe da ita kamar bindiga, baki a ƙasa. Sau ɗaya ta nuna kare da ita, ya ce a sake daga farko.

Ranar da ya ba ta ƙaramar bindigar iska ina wurin, na kai masa burodi. Ya ɗora gwangwani a kan shinge.

Ya ce, "Ke 'yar birni, cire yatsa daga kunama! Duba bayan gwangwanin tukuna, ko akwai mutum."

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce da kakan nata, "Oupa, ai babu kowa. Har inda sama ta taɓa ƙasa babu kowa. Wa kake jira ya zo?"

Ta harba, ta kuskure.

Wata takwas ke nan da tafiyarta. Gwangwanin yana nan, ya yi tsatsa. Kullum da yamma Oom Gawie yakan fito ya duba bayan gwangwanin.