Ƙusa Bakwai a Tumbin Goje

Shanun huɗa biyu, garma ɗaya, da fadamar shinkafa a hanyar Auyo: iyakar arzikin gidanmu ke nan a bazarar da Baba ya ce a cire jinkar ɗakinsa a buga kwano. Ina ɗan shekara goma, kuma ni ke ba shanun abinci, Goje da Fari.

Kafintoci uku ne suka zo daga cikin garin Haɗeja. Ba su kawo tsani ba, sai suka riƙa taka rumfar da muke jibge harawa, bakinsu cike da ƙusa, wadda ta lanƙwashe su yar. Kwana huɗu suka gama, suka kaɗe riguna suka tafi, suka bar tsakar gida da yankakken kwano da guntayen waya. Baba ya ce su tsince, babbansu ya yi dariya ya ce, "Alhaji, mu masu sama ne, ƙasa ta masu gida ce." Mun share tsakar gida tas, ni da Inna. Babu wanda ya tuna da saman rumfa.

Ban san shanu suna haɗiye abinci ba tare da sun tauna ba, sai sun kwanta suke tuƙa. Bayan sati biyu Goje ya daina cin dusa. Ya tsaya ya gantsare baya, yana nishi in zai kwanta. Aka ba shi kanwa, aka ɗura masa jiƙo, ƙasusuwansa suna ta fitowa. Ranar da ruwan farko ya sauka aka kira mahauci.

Ina tsaye ya farke tumbin. Ya sa hannu, ya yi salati, ya fara jera su a kan fata: ƙusa bakwai da waya mai tsawon yatsa, ɗaya ta huda har kusa da zuciya. Da hannuna na zuba masa harawar nan. Na ɗauka Baba zai nufi Haɗeja da sanda. Ya daɗe yana kallon ƙusoshin, sannan ya ce, "Mai gyaran sama ba ya duba ƙasa, mu ne ya kamata mu duba." Ya fasa tsohuwar rediyonsa, ya ciro mayen ƙarfen sifika, ya ɗaura masa igiya ya miƙo mini. Kwana uku ina jan sa cikin harawa, na cika gwangwanin madara da ƙusa. Haka Fari ya tsira.

Yau kwano da ƙusa nake sayarwa, kuma duk wanda ya sayi bandir ɗin kwano, nakan haɗa masa da mayen ƙarfe kyauta. Wasu dariya suke yi, gidajen yanzu ba rumfa, ba turke. Mu dai a shekarar nan Fari shi kaɗai bai iya jan garma ba, rabin fadama muka iya nomawa da hannu. Ɗaki ya daina yoyo, rumbu kuwa bai kai mu bazara ba.