Akushin Inna Cikin Goma Sha Uku

"To ai ba tuwo za ta ci a ciki ba, Yaya," in ji Hapsatu. "Ajiyewa za ta yi a ɗakinta. Ni dai so nake 'yata Zulfa ta tafi gidan miji da wani abu na Inna."

"Sai lallai akushin?" Malam Husaini ya tambaya, bai ɗago kai ba. "Ai zannuwanta suna wurinki."

"Zannuwan da danshi ya cinye? Shekara ashirin yana hannunka, ban taɓa tambaya ba. Tun daga unguwar Bepanda na hau babur ɗin haya cikin ruwan nan, kada ka ce mini in dawo gobe."

Husaini ya ci gaba da goge katakon da ke kan cinyarsa, ko da yake ya riga ya gogu.

Duk unguwar New Bell ta birnin Duwala an san shi da Husaini mai hayaƙi. Ba sassaƙa yake yi ba, sana'arsa tsufar da abin da aka sassaƙa. Masassaƙan Fumban su aiko da fuskokin katako da kujeru da gumaka farare tas, suna ƙamshin ɗanyen itace. Shi kuma ya shafe su da manja da toka, ya jiƙa da ruwan goro, ya binne wasu a laka, sannan ya rataye su a ɗakin hayaƙi da ke bayan gidansa. In sun yi wata biyu, sai ka rantse kakan wani ne ya bar su gado. Daga nan abokin cinikinsa Bashir ya kai su kasuwa, inda baƙi masu son tsofaffin kayan gargajiya suke zuwa. Tun yana saurayi yake wannan aiki, yanzu ga shi gemu ya yi fari, idanu kullum jajur.

Mahaifiyarsu ba Bahaushiya ba ce. Bazandiya ce, 'yar ƙabilar Zande daga Zemiyo, can gabashin Afirka ta Tsakiya, inda mahaifinsu ya je fatauci ya auro ta. Ta musulunta, ta koyi Hausa, ta zauna a Duwala har ta rasu, ba ta sake ganin garinsu ba. Abu ɗaya ta zo da shi, akushin da ubanta ya sassaƙa mata daga gungume guda, baƙi wuluk, mai murfi da gajerun ƙafafu huɗu, an zana masa layuka a baki. A ciki take cin ganyen rogo da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ita kaɗai a ƙofar ɗaki, ranar da kewar gida ta taso mata. Da ta rasu, Husaini ne babba, shi ya ɗauka.

"Yaya, magana nake."

"Na ji ki, Hapsatu. Zauna."

Ya shiga ɗaki, ya daɗe. Da ya fito, akusa uku ya rungumo. Ya jera su a kan tabarma a gabanta. Duka baƙaƙe ne, kowanne da ƙafa huɗu, kowane murfi da tsaga a gefe guda.

"Mene ne wannan?"

Sai ya gaya mata abin da ya ɓoye shekara goma sha shida. Bashir ne ya ga akushin wata rana, ya ce irin na Zande ana nemansa. Husaini ya ce na uwarsa ba na sayarwa ba ne, amma ya yarda a kwaikwaya. Aka sassaƙo goma sha biyu. Bai taɓa zuba ƙwarewarsa a kan wani aiki kamar wannan ba. Ya goge ƙafafun a kan siminti har suka lashe kamar na ainihin, ya yi wa kowane murfi tsaga irin ta na Inna da hannunsa, ya dinga zuba miyar gyaɗa a ciki yana wankewa. Da ya gama, alfahari ya kama shi. Ya sa na Inna a tsakiyarsu, na huɗu daga hagu, ya kira Bashir ya ce in ya isa ya nuna na gaske. Bashir ya duba, ya duba, ya kasa. Suna cikin dariya aka zo aka ce maƙwabci ya rasu, Husaini ya fita jana'iza bai ɗauke na Inna ba. Kafin ya dawo daga maƙabarta, wani dillali ya zo, ya jujjuya su, ya zaɓi goma ya saya a hannun Bashir, ya nufi tashar jirgin ruwa.

"Bashir bai san wanne ba ne," in ji shi. "Ni ma da wurin da na ajiye shi kawai na san shi. Wataƙila yana cikin ukun nan. Wataƙila yana ƙasar Turawa."

Hapsatu ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa faɗan ya fi so. Ta jawo na farko, ta buɗe, ta sansana. Ta shafa bakin na biyu da yatsa, ta kifa shi, ta duba gindin. Ta daɗe riƙe da na uku. Sannan ta ajiye shi daidai inda ta ɗauka.

"Ni nake wanke shi har na yi aure," ta ce a hankali. "Wallahi ban gane ba. Ka iya aikinka, Yaya."

"Ki ɗauki ɗaya. Ki ɗauki duka ukun ma. Zulfa ba za ta sani ba."

"Ni zan sani. In ta tambaye ni, in ce mata me? Wataƙila na kakarki ne?" Ta gyara mayafi, ta miƙe. "Da abu ɗaya baiwar Allahn nan ta zo garin nan. Ka mayar da shi goma sha uku, yanzu ba ta da ko ɗaya."

Ya raka ta bakin lungu. Ruwa ya tsagaita, kwata ta cika ta tumbatso. Ta tsayar da mai babur, ta hau, ta ce ranar Asabar ne ɗaurin auren, kada ya makara.

Ya dawo ya tarar da akusan a kan tabarma, yayyafi ya fara taɓa su. Ya kwashe su ya mayar ɗaki. Ta bayan gida ya hango hayaƙin ya sirance, ga fuskoki talatin a rataye da za a zo ɗauka ƙarshen wata. Ya ɗebi ɓawon kwakwa a buhu, ya nufi ɗakin hayaƙin don ya ƙara wuta.