Kwanakin da Na'urar Sallau ta Ƙirga

Inna Hasiya ba ta yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, amma akwai lamba ɗaya da ta iya karantawa a fuskar ordinater, wato kwamfuta. Mijinta Sallau yana da ɗan shago a jikin gidansu, kan hanyar gadar Malanbil, inda yake buga wa direbobin manyan motoci takardun kaya. Shi ya nuna mata lambar a wata kusurwa: kwana nawa ke nan da kunna na'urar ba a kashe ba.

Wata safiyar Talata ya kunna ta, ya ce zai tsallaka kogi ya sayo tawada ya dawo kafin azahar. Ya tarar gada ta cushe, sai ya shiga jirgin ruwa. Jirgin ya kife a tsakiyar kogi. Kwana uku masunta suna neman gawarsa.

Ba wanda ya tuna da na'urar sai ranar sadakar bakwai. Hasiya ta leƙa shagon ta same ta tana ta huci, hasken rana da batir sun riƙe ta. Lambar ta ce bakwai. Da ita ta ƙirga takabarta. Ta fita takaba, amma ba ta daina leƙawa ba, kuma ta hana kowa taɓa wayoyin. Da bazara takan zauna tana yi mata fifita.

Misbahu, ƙanen Sallau mai gyaran waya a kasuwa, ya kasa kunne wata rana.

"Yaya, fankarta ta gaji. Ba ni minti goma in kashe ta in hure ƙurar."

"Hure tana kunne."

"Ko likita ai sai ya kwantar da mutum kafin ya yi masa aiki."

"Je ka kwantar da taka. Wannan yatsan yayanka ne ya tashe ta."

A kwana na ɗari huɗu da sha ɗaya, ta sallame la'asar, ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe shagon. Na'urar na kunne. Lambar ta ce sifili, da minti shida.

Aka kira Misbahu. Ya dafa bayan na'urar, ya janye hannu.

"Zafi ne ya yi mata yawa, ta mutu, ta tashi da kanta. Haka suke yi."

"Da kanta," in ji Hasiya.

"Wallahi, Yaya."

Ta ce ya tafi, ya ja mata ƙofar. Ta daɗe a tsaye tana duban kujerar Sallau, ba ta zauna a kai ba, har lambar ta kai minti arba'in.