Marlys, Wadda Ta Ƙwace Mini Otis

Kafin a buɗe asibitin dabbobi na unguwarmu a garin Duluth, Marlys Oakerlund ta riga ta kaɗe ƙanƙarar takalminta, ta ɗora kofi, ta jera gwangwanayen abincin kyanwa a kan tebur tana juya su ɗaya bayan ɗaya tana karanta rubutun bayansu. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma kyanwoyi masu ciwon suga su ne rabonta. Watan gobe za ta ajiye aiki. Kowa na yabonta. Ni ma zan yaba, amma da haushi a raina.

Otis muzurun mijina ne, marigayi Wendell. Ni nake taje gashinsa, ni nake wanke kwanonsa, amma bai taɓa hawa cinyata ba. Bayan rasuwar Wendell sai ya fara ramewa, yana shan ruwa ba ƙoshi. Likita ta ce suga ne, ta ɗora shi a kan allurar kullum. Na tsorata, domin shi kaɗai ya rage mai numfashi a gidan ban da ni. Na kwaso abincin gwangwani mai romo, mai hoton kaza a jiki.

Da na nuna mata a asibitin, Marlys ta juya gwangwanin ta karanta, ta ce, "Haba, Darlene! Wannan romon ai da gari aka kaɗa shi. Kashe shi za ki yi da gata?"

"To, me zai ci?"

"Niƙaƙƙen nama mai ƙarancin sitaci. Amma kada ki canza yau. Idan sitaci ya ragu allura tana nan yadda take, sugansa zai faɗi warwas. Sai mun yi magana da likita, mu bi a hankali."

Da likita ta yarda, na sayo niƙaƙƙen naman. Otis ya shinshina ya juya mini baya. Na roƙe shi, har kuka na yi. Da Marlys ta tashi aiki sai ga ta a ƙofata. Ta ɗumama abincin, ta murƙushe ɗan tsohon abincinsa ta barbaɗa a kai, ta zauna a ƙasa ta miƙa masa a yatsa. Ya lashe. Ya cinye. Sannan, a gaban idona, ya haye cinyarta ya kwanta yana gurnani.

Na ce, "Munafuki!"

Ta ce, "Ni ko shi?"

"Ku duka."

Kafin bazara likita ta dakatar da allurar gaba ɗaya. Ba mu kaɗai Marlys ta taimaka wa ba. Gaston Desrosiers, direban bas, ya ce ranar da kyanwarsa ta suma, Marlys ce ta gaya masa ta waya ya shafa mata zuma a dasashi kafin ya garzayo da ita.

Marlys, ke ce mai hannun da ba a cizo. Ke ce kika san ana tsoron mutuwar kyanwa ne saboda shirun da zai biyo baya. Ina kishin haƙurinki, ina kishin yadda ake ambaton sunanki a layin kanti kamar 'yar gida.

Ku da za ku gaje ta, ku riƙa juya gwangwani, ku riƙa zama a ƙasa, kada ku raina tsohuwar da ke kuka a kan mage.

Na gode, Marlys. Kin ce za ki riƙa leƙo mu ran Lahadi. Ki zo. Zan gasa burodi, in yi kamar wurina kika zo.