Farar Rigar da Fa'iza Ta Zaɓa

Har yau ban manta da ranar da wata yarinya Fa'iza ta shigo shagonmu ba. Lokacin ban zama sufabaiza ba, ina cikin masu sayarwa a wani shagon kayan bakin teku a unguwar Jumeirah, a nan Dubai. Tsakiyar lokacin zafi ne, irin wanda tun daga unguwar Al Qusais gumi ke jiƙa mutum kafin ya kai tashar jirgin metro.

Ku da kuka fara aiki kwanan nan kun san tsarin. In kaya suka iso daga sito a Al Quoz, kashi biyu muke raba su. Akwai riguna shara-shara da ake ɗorawa a kan kayan wanka, waɗannan na ado ne. Akwai masu matsattsiyar saƙa, da tambarin kariya daga rana a wuyansu. In kana shakka, ɗaga rigar ka kalli fitila ta cikinta. Yadda hasken ya ratsa, haka rana za ta ratsa, balle in rigar ta jiƙe.

Ina ninke kaya na ji an ce, "Umma, dubi wannan." Hausar Kano tsantsa. Na waiwaya na ga wata Hajiya da 'yarta budurwa, zabiya, ta rungume doguwar farar riga mai aikin zare. Ƙanwata Safiya zabiya ce, kuma haka take ƙanƙance ido in ta ga abin da take so. Ni na goya ta. Tun da na zo Dubai ban sake ganinta ba sai a waya.

Muka gaisa da Hajiya. Ta ce asibitin ido suka zo, gobe za su koma, kuma Fa'iza ba ta taɓa ganin teku ba.

Na karɓi rigar na zura hannuna a ciki. Har zanen tafina ana gani. Na ce, "Ƙanwata, wannan ba za ta tare miki rana ba."

Ta sunkuyar da kai. "Anti, tun ina ƙarama ake ce min in koma inuwa. Yau kaɗai nake so in sa abin da ya burge ni."

Manajarmu 'yar Filifin ce, ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskar yarinyar. Ta matso ta raɗa min da Turanci cewa in bar kwastoma ta ɗauki zaɓinta, shi ke nan. Na ce, "Madam, na san irin wannan fatar. Na sha shafa wa ƙanwata magani a wuya bayan rana ta ƙona ta." Sai ta tafi da kanta ta ɗauko wata shuɗiyar riga mai dogon hannu daga cikin masu tambari.

Muka sa wa Fa'iza shuɗiyar a ciki, farar a sama, muka ɗora malafa mai faɗi a kan mayafinta. Na ce ta shafa man kariya a fuska da bayan hannu, kuma kada su fita sai bayan la'asar. Ta matsa jikin madubi har hancinta ya kusa taɓa shi, ta daɗe tana kallon kanta.

Gab da magariba suka leƙo, bakin rigarta duk yashi. Ta ce, "Anti, ashe da gaske ruwan tekun gishiri ne da shi."

Da na tashi aiki na kira Safiya na ba ta labari. Ta yi dariya, can ta ce, "Yaya, ni yaushe za ki kawo ni in gani?" Na ce in sha Allahu, kamar yadda na saba faɗa. Har yau bizar ba ta samu ba.

Don haka nake gaya muku, ku san kayanku sosai, amma kada ku yi saurin zare riga daga hannun mutum. Wani ya daɗe ana hana shi, kuma daga nesa ya taho. Ku nemo abin da zai kare fatarsa, ku bar masa abin da ya rungume.