Babe Mai Zare a Ƙugu

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina zaune a Zongon Lome ta wajen Agwe, ina sana'ar soya fara. E, fara dai da kuka sani, kada wani ya yi dariya, da ita na ci na sha na yi sutura. Daga Maraɗi ake kawo mana ita a buhu, dafaffiya busasshiya, direbobin manyan motoci masu sauko da albasa su ke ɗoro mana, ni kuma in zauna in tsince, in cire fiffike da ƙafafu, in soya da yaji da ɗan lemon tsami, da la'asar in kafa tire a bakin titi kusa da masallaci. Mutanenmu na arewa su saya saboda kewar gida, 'yan ƙasa kuwa su tsaya suna yatsina fuska, amma wanda ya daure ya ɗanɗana, gobe sai ka gan shi ya faka babur ɗinsa yana waige-waige kada abokansa su gan shi.

A gidan wani malamin allo nake haya, Malam Sidi, dattijo ne mai sanyin hali, kakanninsa daga Zazzau suka zo amma shi a Lome aka haife shi. Yana da 'ya mai suna Habsatu, tana jami'a, kuma wai karatun ƙwari take yi. Da na fara ji sai da na riƙe baki, na ce yanzu duk karatun duniya a rasa na yi sai na ƙwaro? Ashe da gaske ne. Aikin da aka ba ta shi ne ta gano ire-iren farar da ke rayuwa a cikin birnin Lome, don haka kullum tana tafe da wata 'yar raga a kan sanda, daga kangwaye zuwa gefen layin dogo, daga bayan kasuwar Asiyeye zuwa lambunan latas na bakin teku, ta kamo ta zo ta jera su a akwati kowace da allura a bayanta.

To da yake ni ma da fara nake kwana nake tashi, sai muka saba. Tsintar fara ba wasa ba ce, don masu kamu a daji duk abin da hannu ya kai shi suke zubawa a buhu, in ba ka ware farar tumfafiya ba, mai zanen rawaya da baƙi ɗin nan mai wari, ka ɓata wa mutane ciki ka ɓata sunanka. Sai ta zo ta tsuguna gaban tabarmata da Hausarsu ta Zongo da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Tonton," wato kawu da Faransanci, "wannan fa mene sunanshi?" In ce ɗango, ko in ce wannan ai gyare ne, ba fara ba. Ita kuma ta faɗo mini wani suna mai tsawo da harshena bai taɓa iya juyawa ba, ta nuna mini yadda suke duba goshi da ƙirji da launin fiffiken ciki. Akwai waɗanda ta kamo a Lome da ban taɓa gani ba a garinmu, akwai na buhuna da ita sai a hoto ta san su. Haka muke, ta koya mini in koya mata.

A gida kuwa, wani ƙauye ne ta gefen Jibiya, na bar mahaifiyata, Inna, da ƙanena Ashiru, da 'yata guda ɗaya. Mun rabu da uwarta tun da aka yaye ta, Inna ta ɗauke ta. 'Yar fari ce, kuma ku da kuka taso a karkara kun san yadda muke da 'yan fari. Ba ka kiran sunansu, ba ka ɗaukarsu a gaban mutane, in ta rarrafo wajenka sai ka ɗauke kai kamar ba ka gani ba. Haka aka yi mini, haka na ga kowa yana yi, kuma ba ƙiyayya ba ce, wallahi a zuciyata babu abin da ya kai yarinyar nan. In na je kasuwar Asigame na ga 'yar riga mai kyau sai in saya in aika, in ce a ba yaran gida, alhali kowa ya san yarinya ɗaya ce a gidan. Lokacin da abin nan ya faru ta isa shiga makaranta, ni kuma na yi damina biyu ban je ba, kullum sai in ce bayan kaka.

Ranar, bayan azahar ne, rana tsaka, ina zaune a tsakar gida na baje fara a faifai ina tsinta, sai na ji wani abu ya faɗo mini a gwiwa, fat. Na duba, sai ga babe, rayayye, ƙato, irin mai farin layi a gadon baya da muke kamawa a gonar gero in an yi girbi. Da farko dai dariya na yi, na ce kai kuma daga ina, ba ka ga abin da ake yi wa 'yan'uwanka ba? Na kai hannu zan kore shi, ya ƙi tashi. Da na ɗago shi sai na ga zare a jikinsa.

Na tsura wa zaren ido. Yara ko'ina suna ɗaura wa fara zare su yi wasa da ita, amma a ƙafa suke ɗaurawa, shi ya sa ƙafar take cirewa farar ta gudu. Inna ce kaɗai na sani ba ta ɗaurawa a ƙafa. A ƙugu take zagayawa ta ƙarƙashin fiffike, ta yi wani ɗan ƙulli a ciki, yadda babe zai tashi ya yi firr ya dawo bai ji ciwo ba, haka ta riƙa yi mini ina ƙarami. Kuma zaren ba na kanti ba ne, abawa ce ta hannu, mai kauri nan siriri can, an tsoma ta a baba ta yi shuɗi. Inna har lokacin tana kaɗi da mazarinta. Ni dai tun da na zo Lome ban ga mace tana kaɗi ba.

Na ƙwala wa Habsatu kira, ta fito da gilashinta na dubawa. Ta juya shi, ta buɗe fiffiken, ta duba ƙirjin, sannan ta ce, "Tonton, wannan ba na nan ba ne. Duk yawon da na yi ban gamu da shi ba, na ƙasar gero ne, ba ya son damshin teku. Daga buhunka ya fito?"

Na ce, "Habsatu, abin da aka dafa aka shanya, ya yi makonni a buhu?"

Ta ce, "To wataƙila motar albasa ya biyo. Ça arrive, yana faruwa." Amma ina kallonta, ita ma zaren take kallo. Ta roƙe ni in ba ta shi ta sa a akwatinta, ta ce malaminsu zai yi murna. Da na tuna allurar nan sai na ce a'a, wannan ba za a soke shi ba. Na mayar da shi gwiwata, ya gyara zama ya lafe. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, har aka kira la'asar yana nan, in na motsa ya ƙara riƙe wandona, ranar ko tire ban fitar ba.

Na je na kira Ashiru, don shi ke da waya a gidan. Muka gaisa, na ce ya Inna, ya ce lafiya lau. Na ce ya mutanen gida, ya ce kowa lafiya. Na ce, "Ya... yara?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya." Na ce ya ba ni Inna, ya ce ta shiga maƙwabta. Inna da ƙafa ke damunta, ko ƙofar gida da ƙyar take kaiwa! Sunan yarinyar nan ya zo mini har bakin leɓe, in ce wance fa, tana ina, ba ni ita in ji muryarta, amma bakina ya ƙi buɗuwa, abin da ban taɓa yi ba a gaban ƙanena. Muka yi sallama a haka.

Da na dawo na tarar da Malam Sidi zaune a kan buzunsa, Habsatu ta riga ta ba shi labari. Na nuna masa baben. Bai taɓa shi ba, ya dai dube shi, ya dube ni, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya ce, "Ka kira gida?" Na ce na kira, sun ce lafiya. Ya ce, "Ka tambayi yarinyar?" Na ce, "Malam, 'yar fari ce." Ya jinjina kai, ya ce, "Na sani. Ɗaura kayanka ka je ka ga mahaifiyarka. Tiren nan ba inda za shi."

Na samu gwangwanin madara na huda murfin, na sa baben a ciki da ɗan ganye, washegari na kama hanya. Kwatano, Paraku, Malanbil, Gaya, har Maraɗi, tafiya ce mai karya ƙashi, amma ni ban ji ta ba, addu'a ɗaya nake yi, Allah ka sa in sami yarinyar nan da rai, ko ciwo ne in same ta da rai. Duk inda mota ta tsaya sai in kara gwangwanin a kunne, in ji yana ƙwasar-ƙwasar a ciki, sai hankalina ya ɗan kwanta, na riƙa ji kamar muddin yana motsi ita ma tana numfashi. Na yi wa kaina alkawari in na isa zan ɗauke ta a gaban kowa, duk mai magana ya yi. Har na saya mata 'yan kunne a tashar Gaya. A Jibiya ma da na sauka na saurara, yana motsi.

Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, da dattawa zaune, da butoci. Ashiru ya taso ya riƙe ni yana kuka, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba a faɗa wa matafiyi a waya. Malam Sidi muka kira, muka ce ya lallaɓo ka." Zazzaɓi ne ya kwantar da yarinyar, bai ɗauki lokaci ba. Da hantsi ta cika, kafin azahar an kai ta, a ranar nan da nake zaune ina tsintar fara. Duk addu'ar da na yi a hanya, ashe tana cikin ƙasa.

Na shiga wajen Inna. Ta rame, ta zama kamar ba ita ba. Muka yi kukanmu, sannan ta fara ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ta ce da ciwon ya kama yarinyar ta ƙi cin komai, sai Ashiru ya kamo mata babe a gona, ita Inna ta ɗaura masa zare, shi ne abin wasanta a kan shimfiɗa, ko barci take zaren yana naɗe a yatsanta. Da safen ranar sai yarinyar ta ce a fitar da ita tsakar gida ta sha iska. Ta ce, "Inna, ta ina Lome take?" Inna ta nuna mata kudu, ta saman rumbu. Sai yarinyar ta warware zaren daga yatsanta ta buɗe hannu.

Na jawo gwangwanin daga aljihu, na ce Inna duba. Na buɗe murfin da hannuna, murfin da tun Lome ban buɗe ba. Babu babe. Ganyen yana nan ya bushe, zaren kuma yana nan a zagaye, ƙullin bai kwance ba, daidai faɗin ƙugunsa. Inna ta ɗauka ta kai kusa da idonta, ta murza shi a yatsa, ta ce, "La ilaha illallahu. Ni na kaɗa wannan, ni na ƙulla shi."

Ni ban ce 'yata ce ta zo mini ba, Allah ya tsare ni, wanda ya tafi ya tafi. Na tambayi malamai, wani ya ce aikin aljanu ne, wani ya ce rahama ce Allah ya yi mini don in taho, wani ya ce in bar tonawa. Habsatu da na koma ta ce babu farar da za ta yi wannan tafiyar tsakanin hantsi da azahar, ta faɗa tana share hawaye. Har yau ban sani ba, kuma na daina soya fara, hannuna ba ya iya cire musu fiffike.

Amma ba baben ne yake hana ni sukuni ba. Da zan fito daga ɗakin, Inna ta riƙo rigata ta ce akwai sauran magana, ta rasa ko ta faɗa ko ta bari. Ta ce bayan yarinyar ta saki zaren, ta daɗe tana kallon sama, sannan ta juyo ta ce, "Inna, Baba ya san sunana kuwa?"

Ni na zaɓa mata shi. Ni na raɗa mata shi a kunne ranar da aka haife ta, kuma daga ranar ba ta sake jin sa a bakina ba. Don haka 'yan'uwa, musamman ku da neman abinci ya kai nesa, ban ce ku zubar da kunya ba, amma yau ɗin nan, kada ku jira kaka, ku kira gida ku ce a ba ku yaron, ku kira shi da sunansa ya amsa. Ni na je na kira nata a bakin kabari, na kira har muryata ta dushe, babu wanda ya ce na'am.